Gayaunar Baba Nomau

"Riƙe masa hannun da kyau," na ce wa Nafissa, "kada in haɗa da nama."

Ta riƙe. Na durƙusa a gefen katifar da abin yankan farce, na kama babban yatsan mahaifinta na fara aiki. Faratan Baba Nomau ba na wasa ba ne, ruwan gishiri ya daɗe yana dafa su har sun yi kauri kamar ƙahon rago. Shi kuma ya kafe ni da ido, bakinsa a karkace, yana ta kokawa da harshensa.

"Ƙumba," ya ce. "Ƙum...ba."

"To ba ga shi ana yanke maka ba, Bakabe? Ka cika gaggawa."

Na gama hannuwa, na koma ƙafafu, na tattara abin da na yanke a ƙyalle. Na ɗago ina jiran ya gode mini ko da da ido ne. Sai ya juya fuskarsa bango, hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya shanye, ya sake cewa a hankali, "Ƙumba." A nan na san mun yi aikin banza.

Ni ce Rahamatu, maƙwabciyarsu. Ƙofarmu da tasu suna kallon juna a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Nuzla ta Jidda, irin benen nan da ruwan mukayyif ɗin na sama, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake ɗiga a kan shanyar na ƙasa. 'Yar Maradi ce ni, Bakatsiniya, shi kuma Bakabe ne daga wajen Gaya, saboda haka tun ranar da muka tare a gidan ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ni in ce masa mai ƙarnin kifi, shi ya ce mini baiwarsa. Mijina Mahadi ya gaji da raba mu, ya sa mana ido.

A ƙarshen sanyin bana ne aka kawo labarin ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya ɗan kwana biyu a asibiti, sannan likita ya ja Nafissa gefe ya ce ta kai shi gida ya huta cikin nasa, halas, shi ke nan, abin da ya rage sai addu'a. Amma ba jikin kaɗai ciwon ya taɓa ba. Larabcin da bawan Allahn nan ya yi rabin rayuwarsa yana tarawa a Jidda, ciwon ya share shi tas. Abin da ya bar masa sai Hausar ƙauyensu ta yarinta, ita ma guntu-guntu.

Matsalar kuwa ita ce Nafissa. A unguwar Hindawiyya ta nan Jidda aka haife ta, a nan ta yi karatu, kuma tun tana rarrafe da Larabci ubanta yake yi mata magana, wai don kada yara su yi mata dariya a makaranta. Uwarta Fatouma ce mai yi mata Hausa, ita kuwa ta rasu tun yarinyar ba ta gama sakandare ba. Nafissa tana jin Hausa, amma in za ta mayar sai harshenta ya yi nauyi ta tsere wa Larabci. Ga ta yanzu ta girma, tana aiki a kantin magani, ga ubanta kwance a gabanta, sun zama kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha.

"Khala, esh yibgha?" ta tambaye ni ranar. "Me yake so? Kin ce ƙumba farce ne."

"Farce ne mana. Tun da nake ban san wata ƙumba ba."

Kafin a ce haka magana ta zaga bene, kowa ya zo da fassararsa. Malam Na'ibi, limamin ɗan masallacinmu, ya ce ai so yake a binne faratan, kada a zubar a shara. Na sauka da kaina na tona gindin bishiyar darbejiyar da ke bakin layi na binne su. Bai daina ba. Aicha 'yar Chadi ta hawa na uku ta ce lalle yake so a sa masa don ya sanyaya jiki. Muka kwaɓa muka sa, dattijo ya wayi gari da jajayen yatsu kamar amarya, yana hararmu.

Har kafilinsa Abdulmohsen, Balaraben da yake yi wa aiki, ya zo da kwalin dabino. Mutum ne gajere mai fara'a, wanda rana ta ƙona fiye da yawancin 'yan ƙasar. Ya zauna a ƙasa ya sumbaci goshin Baba Nomau.

"Salamat ya Ammi Nomau, salamat."

Baba Nomau ya damƙi farar rigarsa da hannun hagu, ya ja shi kusa. "Ƙumba! Ƙumba!"

Abdulmohsen ya dubi Nafissa. Ita kuma ta nuna masa faratanta, ta fassara masa yadda na koya mata. Bawan Allah ya dubi nasa faratan, ya ga baƙin datti a ƙarƙashinsu, sai ya ɓoye hannuwan a bayansa don kunya. Ya fita yana ba da haƙuri, bai san laifin da ya yi ba. Na yi dariya a lokacin, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ya kamata in faɗi irin aikin da ya haɗa su, don a nan zancen yake. Baba Nomau ya zo aikin hajji yana saurayi, bai koma ba. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya fara gardama, sannan ya koma kasuwar kifi ta Bangala yana fere kifi. A can ya san Abdulmohsen. Da shi Abdulmohsen ɗin ya samu izinin gwada wani sabon kiwo a wani lungun teku can kudu da gari, sai ya ɗauke shi. Sun ɗaure durom-durom da katako suka yi dandamali a kan ruwa, suna rataya igiyoyi daga jikinsa zuwa cikin teku. A jikin igiyoyin ake naɗa iri, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu ɓawo biyu, su manne su yi ta girma, ba a ba su abinci, ruwa ne ke ciyar da su. Larabawa suna ce musu balah el-bahar, wato dabinon teku. Shi ma haka yake kiran su. Balah kaza, balah kaza, har muka gaji da ji.

Wata rana ya hawo bene yana haki, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Aljanna.

"Rahamatu, hito ki ji. Na samu gayauna!"

"A ina? A kan kwalta?"

"Cikin teku. Mai gida ya ba ni igiya guda, ta can ƙarshe. Ya ce abin da ta yi duk nawa na."

Wanda ya tashi a karkara ya san gayauna. Gandu na gida ne, kowa ya yi aiki a ciki, amma akan yanka wa mutum ɗan fili a gefe a ce wannan nasa ne, abin da ya fito ba mai tambayarsa. Shi kuwa an haife shi ana tsakiyar noma, shi ya sa aka sa masa Nomau, amma ya bar gida tun bai isa a yanka masa ko taki ɗaya ba. Sunan ya bi shi har tsufa ba gona. Ni dai na ce masa, "Kai Bakabe, mutane na noman gero kai kana noman tsakuwa." Ya ce in jira. Ya ce ranar da gayaunarsa ta nuna, duk benen nan sai an ci sabon amfani kamar yadda ake yi a gida, kuma ni baiwarsa ni zan dafa. Na ce Katsinawa ba sa cin dutse.

Shekarar farko zafi ya kashe masa su. Ta biyu ma haka, ya dawo ya zauna a matakala kamar wanda aka yi wa rasuwa. Bana ne ya ce mini sun sauke igiyar ƙasa inda ruwa ya fi sanyi, kuma ta kama. Daga nan ciwo ya zo, asibiti ya ɗauke hankalin kowa, zancen igiya ya fita daga kanmu gaba ɗaya.

Jikin ya ci gaba da ja baya. Ya daina karɓar tuwo, sai kunu, daga baya kunun ma sai cokali biyu. Wata safiya na fito zan zubar da shara na tarar da Nafissa zaune a matakala, ta cusa kai cikin abayarta. Na zauna kusa da ita.

"Khala, zai tafi," ta ce. Ta tsaya tana neman kalmomi. "Tul umri, duk rayuwata, bai taɓa roƙona komai ba. Yanzu abu ɗaya yake roƙo, wahid bas, ni kuma ban sani ba. Zai tafi yana cewa 'yarsa ba ta ji shi ba."

Ni mai bakin da ba ya mutuwa, ranar sai na rungume ta kawai. Tausayinta ya cika ni, haushin kaina kuma ya fi, don ni ce mai Hausar, ni aka dogara da ita.

Washegari da hantsi ina ɗan madafinsu. Na tuƙa wa Nafissa tuwon shinkafa don ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, tukunyar kuma ta kama. Madafin ba shi da ƙofa, labule ne kawai tsakaninsa da ɗakin da yake kwance. Na ɗauki cokali na fara kankare ƙanzo, ƙurrr, ƙurrr. Sai na ji ana dukan katifa.

Na leƙa. Baba Nomau ne yake buga hannun hagu, idonsa a kan tukunyar da ke hannuna. Ya ɗaga hannun da kyar, ya lanƙwasa yatsu kamar ya riƙe wani ɗan abu, ya yi ta jan shi a iska yadda ake kankara.

"Ƙumba," ya ce. "Ƙumba, Rahamatu."

Na tsaya da cokali a hannu. Sai ga tsakar gidanmu na Maradi a idona, ga kakata durƙushe a gaban tukunyar ƙasa tana cewa, "Ke, miƙo mini ƙumba." Wani ɓawo ne baƙi mai sheƙi a ciki, tana soke shi a jikin danga, da shi take kankare tukunya da ƙwarya. Wurin masu kawo busasshen kifi daga gulbi take samunsa. Ina ƙarama muka baro gida, tukwanen Jidda kuma duk da cokali da soson ƙarfe ake wanke su, kalmar ta kwanta a raina ta yi barci.

Tukunyar ta suɓuce mini ta faɗi.

"Nafissa! Nafissa, zo! Balah yake nufi! Balah el-bahar!"

Ta fito a guje daga banɗaki, hannunta duk kumfa. Na durƙusa a gabansa.

"Bakabe, gayaunarka kake nufi? Ta nuna?"

Ya lumshe ido. Wani dogon numfashi ya fita daga ƙirjinsa. "Ta... nuna."

"To me ya hana ka faɗa tun farko, ka bari muka sa maka lalle?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Rabon da in ga murmushinsa tun kafin ya faɗi.

Nafissa ta kira Abdulmohsen. Na ji muryarsa ta waya yana salati. Ya ce sun riga sun cire igiyoyin gandu duka saboda ruwa ya fara ɗumi, ta Ammi Nomau kaɗai ta rage, don ba tasa ba ce balle ya taɓa. Ya ce amma in ana so a same su da rai to a zo yau, zafin da ke tafe ba zai bar su ba. Na leƙa taga na ƙwala wa Mahadi kira, yana ƙasa yana wanke dabbab ɗinsa, 'yar motar da yake dakon kaya da ita.

Nafissa ta sa abaya, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi mahaifinta, yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka da kyar.

"Khala, in na tafi, ya... Ammi Mahadi ya je shi kaɗai."

Kafin in buɗe baki, Baba Nomau ya riga ni. "Tahi, ɗiyata," ya ce. "Ke... ki ciro."

Wannan kam ba ta nemi fassara ba. Ta sumbaci hannunsa mai jan lalle, ta sauka da gudu, na ji Mahadi yana cewa yalla, yalla.

Aka bar ni da shi. Wurin da nisa, kuma hanyar kudu ba ta rabuwa da manyan motocin tashar jiragen ruwa. Mukayyif ɗinsu ya tsufa, sai ƙara ba sanyi, na ɗauki mafici ina yi masa fifita. Na karanta abin da na iya. Na ba shi labarin unguwa, wanda ya yi aure da wanda aka kama ba iƙama, takardar zama. Yana ji, wani lokaci ya buɗe ido ya dubi ƙofa.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Nafissa. Na kara masa a kunne. Ba magana a ciki, sai ƙarar ruwa yana marin durom, da kukan tsuntsayen teku, da Abdulmohsen can nesa yana cewa a ja a hankali. Daga ƙarshe muryarta ta fito, tana haki.

"Baba, ina jan igiya. Tagila marra, da nauyi! Ta cika, Baba, ta cika!"

Ya sa na maimaita masa har na daina ƙirgawa. Amma da rana ta fara karkata sai numfashin ya canza. Yakan ja, ya yi shiru har gabana ya faɗi, sannan ya sake ja. Hannunsa ya yi sanyi. Tsoro ya kama ni sosai, na rasa abin yi, sai na koma ga abin da na saba.

"Wallahi Bakabe," na ce masa a kunne, "in ka kuskura ka tafi kafin yarinyar nan ta dawo, ni da kai ne. Ka sa ta shiga teku, 'yar da ko kwale-kwale ba ta taɓa hawa ba, sannan ka gudu? Haka Kabawa suke yi?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Baiwa," ya ce, da kyar ake ji. "Surutu."

"Na ji. Kai dai ka tsaya."

Ya tsaya. Ana fitowa daga sallar la'asar na ji tarin dabbab ɗin Mahadi a bakin layi. Kafin su iso ƙarnin ya riga su hawowa, ƙarnin teku da laka da gishiri, ya cika matakala. Ƙofofi suka buɗe, mata suka fito suna toshe hanci da gefen mayafi. Ga Mahadi da Nafissa suna ɗauke da babban baho shuɗi, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu da ƙanƙara, ruwa na zuba a kowace matakala. Abayarta ta jiƙe har gwiwa, gishiri ya yi mata fari-fari, tafin hannunta duk ya yayyanke.

Suka dire bahon a gefen katifa. Ta yaye buhun. Ban taɓa ganin abin a igiyarsa ba sai ranar. Sun manne wa juna cunkus, ba ka ko ganin igiyar, kowanne ya kai tsawon yatsa, bayansa ruwan ƙasa mai duhu, bakinsa kuma kore shar kamar an zana da alli. Ta ɗago ƙarshen igiyar da hannu biyu ta ɗora a kan tawul a ƙirjinsa, ta kama hannunsa na hagu ta aza a kai.

Ya shafa su a hankali, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai duba zangarniya. Ya lalubo wani da bakinsa ya ɗan buɗe. Ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa ɓawon, sai yatsan ya sauka luɓus, ba ƙara. Ya sake gwadawa. Sannan ya ɗago yatsan ya dube shi, ya dube ni. Ni ce na yanke farcen har ƙasa.

"To yi haƙuri," na ce. "Kai ka ce ƙumba."

Mahadi ya fashe da dariya, ya toshe baki. Baba Nomau ya miƙa hannu ya kamo yatsan Nafissa, ya kai farcenta kan ɓawon, ya ƙwanƙwasa da shi. Ƙas, ƙas. Muka zuba ido. A hankali, a hankali, abin ya ja bakinsa ya rufe gam.

"Da rai," ya ce.

"Da rai," Nafissa ta maimaita.

Ya taɓa farcenta. "Ƙumba." Ya taɓa ɓawon. "Ƙumba."

"Ƙumba, Baba. Na ji. Na ji ka."

Ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka tana dariya. Ni ma na bar hawayena suka zuba, ban goge ba.

Sai ya juyo da ido kaina, ya nuna madafi da haɓa. Na gane. Alkawari ya zo kan baiwa.

Abdulmohsen ya aiko da bayanin a turara su da tafarnuwa da lemon tsami. Na ce ya riƙe bayaninsa. Mu da Aicha muka zauna a bakin famfo muka ɓalle su daga igiya, muka cire ɗan gemun da suke manne wa da shi, muka goge su tas. Nafissa ce mai tantancewa, duk wanda ya buɗe baki sai ta ƙwanƙwasa, in ya rufe ta jefa a tukunya, in ya ƙi ta ware. Na soya albasa da attaruhu da citta, na jefa daddawa, na zuba su na rufe. Ba a jima ba suka buɗe baki gaba ɗaya, naman ciki wani ja-ja wani fari, romon kuma ƙamshi har layi.

Aka buɗe ƙofar ɗakin, aka jingina shi da matasai yadda zai ga waje. Mutanen bene suka zo da kwanoninsu, waɗanda ɗazu suke toshe hanci. Aka tsaya ana kallon-kallo, ba mai son farawa. Malam Na'ibi ya yi gyaran murya ya ce abin teku duk halal ne, babu shakka a ciki, amma shi bai daɗe da cin abinci ba. Na ɗebo guda na miƙa masa har gaban gemu.

"Malam, fatawa ba ta cika sai da aiki."

Ya yi bisimilla ya runtse ido ya hadiye. Sannan ya miƙo kwanonsa.

Daga nan sai ƙarar ɓawo a faranti da shan romo. Ni ma na ci, kuma ba zan ɓoye ba, na ƙara. Malam Na'ibi ya share baki, ya matsa bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda ake yi wa manomi in ya kawo amfani gida.

"Nomau, barka da kaka! Allah ya maimaita mana."

Kowa ya ɗauka. Barka da kaka, Baba Nomau. Barka da kaka. Har yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin gero a tsaye ba, suna faɗa suna dariya. Nafissa ta ɗiga masa romo a leɓe da ƙaramin cokali. Ya lasa, ya dube ni.

"Gishiri... ya yi yawa."

"Tekunka ne ya zuba, ba ni ba."

Ya ƙara kwana biyu tare da mu, kuma bai sake cewa ƙumba ba. Nafissa ta samo wata hanyar magana da shi wadda ba ta bukatar Hausa ko Larabci. Takan buɗe tafin hannunsa ta ƙwanƙwasa da farce, ƙas ƙas, shi kuma ya naɗe yatsunsa a kan nata. Ko barci yake yi, in ta ƙwanƙwasa sai ya rufe.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa a ɗakin, Malam Na'ibi ya gama karanta masa Yasin ya fita ke nan. Ta ƙwanƙwasa, ya rufe. Ta ɗauko ruwa ta jiƙa masa leɓe, tana maimaita masa kalmar shahada a kunne, leɓensa na motsi tare da nata. Can ta sake buɗe tafin ta ƙwanƙwasa. Hannun ya zauna a buɗe. Ta sake, ta jira. Sannan ta sa hannunta biyu ta naɗe masa yatsun da kanta, ta ɗago ta dube ni.

"Khala," ta ce da Hausa, ba ko gargada, "Baba ya tafi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka kamar wadda ta rasa ɗan'uwa na jini, don abin da ya zame mini ke nan. Aka yi masa sutura, maza suka kai shi bayan la'asar.

Da aka share makoki Abdulmohsen ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Nafissa gurbin igiyar can ƙarshen dandamali yana nan, ba zai ba kowa ba, in ruwa ya huce za a naɗa sabon iri, in tana so nata ne. Ta tambaye shi ko ya san sunan irin wannan igiya. Ya ce a'a. Ta ce gayauna. Ya yi ta juya kalmar a bakinsa har ya kusa iyawa.

Yanzu ranar hutunta tun da sassafe Mahadi yake sauke ta a can. Ta yi baƙi, hannunta ya yi kanta, in ta dawo sai ta zauna a madafina tana tambayata sunan wannan da sunan wancan, in na faɗa ta maimaita. Wasu na sani, wasu sai mun kira Maradi. Ni kuma ta fara ce mini baiwa, wai gadon ubanta ta ci.

Ɓawon da muka tara ranar ban bari an zubar ba. Na wanke na shanya a taga, na raba wa matan bene, kowace ta ɗauki nata. Jiya da safe ina shanya a baranda, ruwan mukayyif ɗin Aicha na ɗiga mini a ka, sai na ji ƙara tana fitowa ta tagar madafin Nafissa. Tukunyarta ce ta kama, tana kankare ƙanzo. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina saurare. Ba ƙarar cokali ba ce.